Sakan Goma Sha Huɗu

Da agogon waya Auta ta auna abin fiye da sau ashirin, bai taɓa raguwa ba. Daga lokacin da waƙa ta ƙare, ta rufe fayil ɗinta a kwamfuta, ta danna na waƙar gaba, ɗan zoben nan na jira da ke kan allo ya gama juye-juyensa na rainin hankali, sakan goma sha huɗu ne cif. A ɗakinta wannan ba komai ba ne, kafin ta kurɓi shayi sau biyu an wuce wurin. A kan dandamali kuwa, gaban mutum ɗari da wani abu, sifikoki huɗu sun yi tsit, sakan goma sha huɗu ya ishi kowa ya ji tarin wanda ke kujerar ƙarshe. Ya kuma ishi yayanta ya kai makirfo baki.

Zauren yana bayan wani jerin shaguna, tsohon ɗakin ajiyar kaya ne aka shafe da fenti aka zuba kujerun roba. Duk Asabar daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma masu kiɗa ke hawa, kowa da rabin awarsa. Yayan Auta ne mai gabatarwa a wurin, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma tun yana makaranta ake ce masa Rediyo. Wanda ya raɗa masa sunan ma ya rage masa, don rediyo ana iya kashe ta. Shi ya riƙe Auta tun tana 'yar shekara tara, har yau a ɗakin bayan gidansa take. Shi ya sayo mata kwamfutar, ta hannu, shi kuma ya yi ta bin Manajan zauren har ya yarda a gwada ta Asabar huɗu. In ta yi abin kirki, rabin awar ƙarfe biyar ta zama tata. In ba ta yi ba, akwai wasu masu jita su uku da suka daɗe suna leƙe.

Auta ba ta rera waƙa, ba ta da makaɗa. Cikin kwamfutar take gina kiɗanta, sannan a gaban jama'a ta riƙa juya shi da wani ɗan akwati mai maɓallai goma sha shida. Ta shigo da ganga, ta janye ta, ta murɗa nan sauti ya yi kauri, ta murɗa can ya sirance. Waƙa shida ta shirya, rabin awa daidai. Asabar ta farko huɗu ta samu yi, ta biyu ma huɗu. Ta shida, wadda ta kwashe wata takwas tana yi, wadda don ita ma take son rabin awar, ba wanda ya taɓa jin ta sai bangon ɗakinta.

Abin da ya ɗaure mata hannu shi ne dokar Baba Injiniya, dattijon da ke zaune kan na'urar sauti a ƙarshen zauren. Dokarsa ɗaya ce, kuma ko Manaja bai isa ya sa shi ya karya ta ba: sauti biyu ba sa hawa kan juna. Muddin kiɗa na tafiya, makirfo a mace yake, ko wa ke riƙe da shi. Da kiɗa ya tsaya sai ya ƙirga uku a ransa, ya ɗaga makirfo, ya sauke layin mai kiɗa, kuma ba ya mayar da shi sai mai magana ya gama.

A Asabar ta uku, waƙa ta biyu na ƙarewa Auta ta sunkuya kan kwamfuta, zobe ya fara juyawa.

"Tafi, jama'a! Tafi ga ƙanwata!" Ga Rediyo nan ya fito daga gefen labule cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, yana taku ɗai-ɗai. "Kun gan ta nan shiru-shiru? Wannan tun tana rarrafe take kiɗa. Murfin tukunya uku ta lotsa mana a gida. Ranar da aka fara kai ta makaranta kuwa, bari in ba ku labari."

Zobe ya gama juyawa, waƙa ta uku ta buɗe. Yatsan Auta na kan maɓalli, ta ɗaga kai ta dubi Baba Injiniya, ya ɗaga mata kafaɗa. Rediyo ya ba da labarin makaranta tiryan-tiryan, har da yadda ta jiƙa siket a layin taro. Ya gaida mai shagon tayoyi da ya shigo a lokacin, ya gaida matar mai shagon tayoyi da ba ta ma zo ba, ya roƙi mai farar mota ya je ya gyara tsayuwa. Minti huɗu da rabi tana tsaye a bayan teburinta, jama'a na kallonta suna dariyar fitsarin da ta yi shekara ashirin da suka wuce, kunnuwanta sun yi zafi jau. Ranar waƙa uku da rabi ta yi aka ɗaga mata hannu, lokaci ya cika.

Manaja ya tare ta a bakin ƙofa tana naɗe wayoyi. "Saura Asabar ɗaya fa," ya ce. "Ni har yanzu ban ji abin da zan ba rabin awa ba. Yayanki dai na ji shi."

Ta haɗiye abin har suka shiga mota. Yayan na juya makulli ta fashe.

"Yaya, me na yi maka?"

"To, an fara. Me kuma aka yi?"

"Minti goma sha ɗaya ka cinye min yau. Na ƙirga. Sakan goma sha huɗu nake buƙata, ba tarihin rayuwata ba!"

"Ke, Auta, saurara." Ya ja motar suka hau titi. "Kin san mene ne shiru a zaure? Mutuwa ce. Kanki na ƙasa, ba kya ganin abin da nake gani. Da kin tsaya sai waya ta fito daga kowane aljihu. Asabar ta farko mutum biyar suka miƙe za su fita, ni na zaunar da su. Asirinki nake rufawa, ba ki sani ba."

"Da labarin fitsari ake rufa asiri?"

"Sun yi dariya ko ba su yi ba?"

"Ni suka yi wa!"

"Amma suna zaune suka yi ta. Ki bar ganin laifina, ki ga na wannan akwatin naki. Mutum ya bar gidansa ya zo jin kiɗa, sai ya ga mace ta sunkuya tana leƙen allo kamar mai cike takarda a ofis. In kina so in yi shiru, kada ki ba ni wuri."

Maganar takarda a ofis ta fi komai ƙona mata rai, domin gaskiya ce, kuma ba abin da ya kai gaskiya haushi a bakin wanda ya ɓata maka. Suka isa gida. Matar Yaya ta kira ta cin abinci, ta ce ta ƙoshi. Ta shiga ɗaki ta maido ƙofa da ƙarfin da ya sa kalandar bango ta faɗo.

Washegari Lahadi tun da safe ta zauna da kwamfutar. Ya ce kada ta ba shi wuri, to ko na tsayuwar allura ba zai samu ba. Ta kwaso waƙoƙin shida ta zuba su cikin fayil ɗaya, a jere, don kada a sake rufe wani a buɗe wani. Tsohuwar kwamfutar ta ce ba da ita ba. Fankarta ta hau ihu, sauti ya riƙa in-ina yana tsinkewa, kafin a kai waƙa ta biyu komai ya sandare. Auta ta zage ta tas, ta zagi wanda ya ƙera ta, ta zagi wanda ya fara amfani da ita ya tsotse mata ƙarfi, sannan ta sake kunnawa.

Sai da ta rage mata kaya. Duk wani sauti da kwamfutar ke wahalar ƙirƙira a lokacin wasa, Auta ta naɗe shi tun yanzu ya zama gamamme, ta bar wa hannunta ganguna da kaurin ƙasa da 'yan murɗe-murɗe kawai. Ya yi mata ciwo, don wasu abubuwan ta fi son ta taɓa su a gaban mutane, amma ta yanke su ba tausayi. Ta kashe intanet, ta kashe duk wata manhaja mai son leƙowa ta ce a sabunta ta. Ta ɗora kwamfutar kan murafan kwalba huɗu don iska ta riƙa bi ta ƙasa.

A shagon wanki da guga take aiki. Duk satin nan, da an ba da hutun rana sai ta shige bayan shagon tsakanin kwandunan kaya, ta sa abin ji a kunne, burodinta na bushewa a gefe. Haɗa waƙoƙi wuri ɗaya ashe shi ne mai sauƙin. Ɗinke bakinsu ne aikin. Ta ɗaya da ta biyu gudunsu ɗaya, sai ta ja amon ƙarshen ta ɗaya ya yi tsawo, gangar ta biyu ta shigo ta ƙarƙashinsa. Ta uku tana tafiya a hankali, ta huɗu kuwa gudu take, don haka ta sa bugun ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan cikin minti guda, yadda ƙafa za ta bi ba tare da kai ya lura ba. Ta huɗu da ta biyar muryoyinsu ba sa jituwa, in sun haɗu sai ka ji haƙoranka sun mutu. Kwana biyu ta yi a kansu, daga ƙarshe ta shimfiɗa ƙarar ruwa mai zuba a tsakani, ɗaya ta nutse a ciki ɗaya ta fito.

Ta shida ba ta taɓa ta ba, sai dai ta share mata hanya. A shagon wankin nan aka haifi waƙar. Da ɗigon famfon bayan shago take farawa, sai hucin tururin dutsen guga, sai wata 'yar ganga mai laushi da ta yi da ƙarar maɓallin riga yana bugun cikin inji. A tsakiya kuma akwai gurnanin babban injin busar da kaya, wanda ta naɗa ta yi ta sassaƙa wata da watanni har ya koma kamar mutane da yawa suna rera abu da baki a rufe. Duk sanda ta zo wurin sai tsigar jikinta ta tashi, ko da ta ji shi sau ɗari. Waƙa ce mai son a zauna a saurara.

Ran Alhamis da yamma ta biya zauren ta gwada. Baba Injiniya ya saurari waƙoƙin daga farko har ƙarshen ta biyar, ya duba fitilun na'urarsa, ba inda suka mutu.

"Baba, in sauti bai tsaya ba, ba za ka ɗaga masa makirfo ba ko?"

"'Yata, ni ba ruwana da rigimar gidanku. Sai na ƙirga uku. In ban kai uku ba, ko gwamna ne ya jira."

Asabar ta zo. Ƙarfe biyar Rediyo ya gabatar da ita, ya ɗan ja kamar yadda ya saba, ya koma gefen labule. Auta ta danna.

Waƙa ta ɗaya ta tafi lafiya. Da ta kusa ƙarewa, ta wutsiyar ido ta ga yayan ya gyara kwat, ya share murya, ya yi taku biyu zuwa tsakiya. Amon ƙarshe ya miƙe, ya ƙi mutuwa, gangar ta biyu ta kunno kai ta ƙarƙashinsa. Rediyo ya tsaya, ya dubi Baba Injiniya, ya dubi makirfonsa, ya koma da baya. A ƙarshen ta biyu ya sake fitowa, wannan karon har ya ɗaga hannu, ya sake komawa. Wata mata a layin gaba ta ƙyalƙyale da dariya ta rufe baki.

Abin da Auta ba ta taɓa gani ba sai ga shi. Ba wanda ya ciro waya. Da bugun ta uku ya fara hawa zuwa ta huɗu, kafaɗu suka fara motsi, wasu suka ture kujeru suka miƙe. Kanta a sama yake yau, tana ganinsu, hannayenta na yawo kan maɓallai ba ta ko duba su. Da a nan abin ya tsaya, da ta koma gida da farin ciki, har ma ta iya yafe masa.

Amma Rediyo bai iya tsayuwa a gefe ba. Ana cikin ƙarar ruwan da ke tsakanin ta huɗu da ta biyar ya zagayo ta bayan teburin, ya sunkuyo daidai kunnenta.

"Ba ni minti ɗaya. Mai tayoyi ya zo da baƙi, dole in gaishe su."

Ta girgiza kai.

"Auta, minti ɗaya na ce!"

Ta sake girgiza kai, idonta na kan jama'a. Sai ya ɗora hannu a kan murfin kwamfutar, ba da ƙarfi ba, ya ɗan rusunar da shi.

"Kada fa ki manta wanda ya sayo wannan abin."

 Ta cire hannunsa daga kan murfin da yatsu biyu. Shekara huɗu tana gode masa a kan kwamfutar nan, da baki da wanke-wanke da rainon 'ya'yansa, ashe godiyar ba ta isa ba sai ta biya da waƙoƙinta. To, wuri yake so, za ta ba shi wuri.

Tsakiyar waƙa ta biyar, ganguna na kan ganiyarsu, ta daki maɓallin da ke ɗauke komai. Zauren ya yi tsit. Rediyo ya zabura ya yi tsakiyar dandamali, hannu a sama, baki a buɗe. A ranta ta ƙirga tare da Baba Injiniya: ɗaya, biyu. Kafin uku ta saki gangunan gaba ɗaya. Bakin Rediyo ya ce "Jama'a" cikin mataccen makirfo, ba wanda ya ji, kowa dai ya ga bakin. Zauren ya kece da dariya da ihu, wani har yana dukan kujera. Daɗin da ta ji a lokacin ba na kirki ba ne, ta sani, amma daɗi ne, kuma ta ƙara so.

Ɗigon famfo ya fara. Ta shida ke nan, ta iso a karon farko, saura minti shida cif a agogo. Nan ya kamata ta ɗauke hannu ta bar waƙar ta yi tafiyarta. Sai dai zuciyarta ba ta huce ba, kuma ga shi can gefen labule yana goge wuya da hankici yana harararta. Tururin guga na shigowa ta sake ɗauke sautin. Ya sake zabura. Ɗaya, biyu, ta saki. Dariyar ta fi ta farko.

Daga nan jama'a suka karɓe abin. "Rediyo! Rediyo!" suke kira suna tafi, ba bisa bugun waƙar ba, bisa nasu. Da ta ɗauke a karo na uku, zauren gaba ɗaya ya ƙirga da ƙarfi, "Ɗaya! Biyu!" Wannan karon ta ga fuskarsa sosai. Ya gane. Ya san ba za ta bari a kai uku ba. Ya tsaya jim, ya dubi mutanen da ke kiran sunansa, sai ya yi wani murmushi da bai wuce haƙora ba, ya fito da gudu-gudu, ya buɗe baki fiye da yadda magana ke buƙata. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ba zauren nan abin da yake so, bai san yadda ake hana shi ba.

Hannunta ya riga hankalinta, ta yi na huɗu. Gurnanin injin busarwa ya zo, muryoyin nan da ta sassaƙa wata takwas, suka wuce a ƙarƙashin ihu da fito da bugun kujeru. Ita kanta ba ta ji su ba. Ɗigon ƙarshe ya ɗiga, rabin awa ta cika daidai, Baba Injiniya ya ƙirga ukunsa ya ɗaga makirfo.

"Ƙanwata ke nan, jama'a," in ji Rediyo. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya kira masu hawa na gaba.

Bayan an tashi Manaja ya same su a bayan labule, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Kai! Ashe haka kuka iya kuka ɓoye min? Rabin awar ƙarfe biyar taki ce, an gama. Amma da wannan wasan fa, kowane sati. Kun ga mai tayoyi? Hawaye yake sharewa."

"Wane wasa, Yallaɓai?" in ji Auta.

"Wannan na fitowa da komawa mana."

"Ba wasa ba ne. Waƙa ta shida fa, ka ji ta?"

"Wacce ce ta shida? Ta ƙarshen nan da ya fito sau uku? Ai ita ta fi duka." Ya juya wajen Rediyo ya dafa kafaɗarsa. "Kai ma ka ci sa'a, mutumina. Ina zaune ina kallon yadda take haɗa waƙa da waƙa ba tsayawa, na ce in ta koya wa sauran wannan dabarar, me mai gabatarwa zai tsaya yi? Buɗewa da rufewa ai ni ma na iya. Sai ga wannan abin ya fito. Yanzu ka ga ka samu abin yi."

Rediyo ya yi dariya, irin wadda ake yi wa mai gida.

"Ni ba zan sake ba," in ji Auta.  "Kiɗa na zo yi."

"To ku je gida ku daidaita," Manaja ya ce, ya riga ya fara tafiya. "Abin da na gani yau shi nake so. In babu shi, masu jita suna nan."

Baba Injiniya na naɗe doguwar waya a gwiwar hannunsa lokacin da ta zo wucewa da jakarta. Bai ɗago ba ya ce, "Na ji farkon ta ƙarshen nan, mai ɗigon ruwa. Da kin ƙyale ta." Ta so ta ce masa shi da dokarsa su suka jawo komai, amma ta san ba shi ya daki maɓallin ba, sai ta wuce.

Suka shiga mota. Ta shirya wa faɗa tsaf, ta jera amsoshinta, tana jira ya fara ta sauke masa su ɗaya bayan ɗaya. Bai fara ba. Ya tuƙa su gida, ya rufe motar, ya shige ɗakinsa. Wannan ya ƙara tunzura ta. Haushin Manaja take ji, da na mai tayoyi da baƙinsa, da na mutum ɗari masu ƙirga ɗaya biyu kamar 'yan aji ɗaya, da na yayan da ya ƙi ba ta faɗan da take nema. Wanda ya fi su duka kuwa, haushin kanta, ba ta da wanda za ta kai wa ƙararsa.

Da safe tana zaune bakin gado, jakar kwamfutar a ƙasa ba ta ko buɗe ba, aka ƙwanƙwasa ƙofa. A gidan nan Yaya bai taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa ba, daga tsakar gida yake ƙwala kira. Ya shigo da singileti, riƙe da biro da takardar da ya yago daga littafin makarantar 'yarsa.

"Rubuta min," ya ce.

"Me zan rubuta?"

"Inda za ki riƙa yankewa. Minti na nawa, a wace waƙa. Jiya na biyun na makara, na huɗun kuma na yi gaggawa, na fito tun kafin ki ɗauke. In za a yi abu a yi shi da kyau."

Ta miƙe tsaye. "Yaya, wai kai ba ka da zuciya ne? Na mayar da kai abin dariya a gaban mutane! Ka zage ni mana! Ka ce in kwashe kayana in bar maka gida!"

"Zuciya ina da ita."

"To ina take?"

"Kin ji abin da Manaja ya ce, ai kina wurin. Ke kina son rabin awarki, ni kuma ban iya komai ba sai wannan tsayuwar. Karɓi."

"Ba a ta shida ba. A ko'ina, ban da ta shida."

"A ita suka fi dariya, Auta. Ita zai tambaya."

Ta tsaya tana huci, tana kallon takardar a hannunsa. Ta nemi abin da za ta jefa masa, magana ko kofi, ba ta samu wanda zai yi daidai ba. Ta fizge biron, ta ɗora takardar kan gwiwa. Ba ta buƙatar buɗe kwamfuta, ta san waƙa ta shida sakan bayan sakan. Ta rubuta na ɗaya, ta rubuta na biyu, tana danna biron har yana huda takardar.

Ya leƙo ta kafaɗarta, ya ɗan ja kai baya yana ƙanƙance ido.

"Ki yi su manya-manya," ya ce. "Idona ba ya gani sosai a hasken wurin nan."